Daga Tafireta Zuwa Kibod Mai Ninkewa

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, da wasu shagunan PZ a nan Zariya, ana sayar da wani ɗan kibod da ake ninkewa biyu ko uku a jefa a aljihun riga. Ba shi da igiya. Buɗe shi za ka yi a kan tebur, ka haɗa shi da wayarka ta Bluetooth, ka jingine wayar, ka kama rubutu da yatsu goma. Samarin da ke sayar da shi suna tallarsa a kan sabon yayi ne, alhali jerin haruffan da ke kansa ya girmi jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 da kusan shekara arba'in. Da wannan jeri na ci abinci tun ina saurayi, da shi na yi aure har na aurar. Saboda haka ina ganin ina da bakin ba da labarin sana'ar buga rubutu, da kuma wani ciwo da ya bi ta tun farko har yau bai sake ta ba: duk injin rubutun da ya shigo ƙasar Hausa, ya shigo ne babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ.

Kafin zuwan inji, rubuta wa wani takarda aikin malamai ne. A fadar sarki akwai magatakarda, shi ke rubuta wasiƙun sarki da Larabci, a buga hatimi, a ba manzo ya hau doki. Talaka kuwa idan yana da saƙo zuwa Gwanja ko Ikko, zauren malamin unguwa zai tafi, ya faɗi abin da ke ransa, malam ya tsoma alƙalamin kara a tawada ya rubuta masa da ajami. Takardar ma daga nesa take zuwa ta hannun fataken Tarabulus, da yawa daga cikinta ƙirar Italiya ce mai tambarin jinjirin wata uku. Tun a wancan zamani mai rubutu riƙon amana yake yi. Yana jin bashin da ake bin mutum, da rigimar gado, da maganar aure, kuma ba ya fitar da ko ɗaya daga zauren. Wannan ɗabi'a muka gada daga malamai, inji daga baya ya tarar da ita.

Shi injin, a Amurka aka ƙera shi. Wani ɗan jarida mai suna Christopher Latham Sholes, mutumin garin Milwaukee, shi da abokan aikinsa ne suka yi rajistar ƙirarsa a 1868. A na farkon, haruffa a jere suke kamar yadda yara ke haddace abacada. Suka yi shekaru suna sauya musu wuri, kuma dalilin da aka fi faɗa shi ne sandunan ƙarfen da ke ɗauke da haruffan suna sarƙewa idan aka buga maƙwabta biyu da sauri. A 1873 kamfanin Remington, wanda aka sani da ƙera bindigogi da keken ɗinki, ya karɓi aikin, aka fara sayarwa a 1874 da jerin nan da ya fara da Q, W, E, R, T, Y. Manyan baƙaƙe kaɗai yake bugawa. Sai a 1878 aka fito da samfuri na biyu mai maɓallin Shift, wanda ya ba da damar buga manya da ƙanana. Ko ninkewar da ake yayi yanzu ba yau aka fara ta ba. A 1912 aka fito da Corona 3, tafiretar da samanta ke kifewa a kan maɓallai a rufe ta cikin ɗan akwati, nauyinta bai wuce kilo uku ba. 'Yan jarida da hafsoshin soja sun yi ta yawo da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Tafireta ta shigo Arewa a kayan Turawan mulkin mallaka da na kamfanonin ciniki. Waɗanda suka fara zama a gabanta ba 'yan ƙasa ba ne. Akawuna ne da aka kwaso daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yau, aka zaunar da su a Sabon Gari, suna buga takardun Razdan da na Di'o da lissafin gyaɗa da auduga. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ita ce ta fara samar da malaman En'e masu rubutun boko, amma yawancin aikinsu da alƙalami ne. A 1947 aka kafa makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda daga baya ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo. Da gwamnatin Sardauna ta tashi tsaye wajen mayar da ayyukan ofis hannun 'yan Arewa a shekarun 1950, sai iya tafireta ya zama tsani. Yaron da ya gama firamare ya iya buga kalma talatin da biyar a minti ɗaya, ya sami aiki, kuma a unguwarsu ana ce masa Malam Akawu.

Duk injunan nan don Turanci aka yi su. Hausa kuwa tana da sautuka uku da abacadar Turawa ba ta tanadi harafinsu ba, aka daɗe ana laluben yadda za a rubuta su. Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Wasu marubuta suna sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suna maƙala masa waƙafi a sama, kamar yadda babban ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya yi. A Zariya ne maganar ta zauna. Hukumar Fassara da aka kafa a Kano a 1929 ta dawo nan, ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East, ita ce kuma ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A ƙarshen shekarun 1930 aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 Abubakar Imam yana editanta, da littattafan makaranta da Kamfanin Gaskiya ya riƙa bugawa tun daga kafa shi a 1945, su suka kai haruffan nan kowane aji da kowane zaure. Maɗaba'a ta sami dalmar haruffanta. Mai tafireta a ofis da bakin kotu, shi aka bari da injin Turanci.

Ni a wajen kawuna na koyi aikin, a wata rumfa kusa da kotu, a farkon shekarun 1970. Injinsa Imperial ce ƙirar Lesta ta Ingila, kamfanin da ya rufe masana'antarsa a 1975 ya bar mu da neman kayan gyara a jikin matattun injuna. Daga baya Olympia ta Jamus da Olivetti ta Italiya suka cika gari. Darasin farko shi ne mazaunin yatsu: na hagu huɗu a kan A, S, D, F, na dama a kan J, K, L da maƙwabcinsu, manyan yatsu biyu a kan doguwar sandar tazara. Kawu yakan rufe hannuwana da hankici don kada ido ya taimaki yatsa. Ido na kan takardar da ake kwafa, kunne na jiran ƙararrawar ƙarshen layi, da ta kaɗa hannun hagu ya ture karusa ta koma farko. Masu son aikin gwamnati suna zana jarrabawar RSA ko ta Pitman, a ba su takardar shaidar gudu. Mu 'yan rumfa shaidarmu ita ce layin mutanen da ke zaune a benci.

Aiki ne na dabaru. Yawancin tsofaffin injuna ba su da lamba 1, ƙaramin harafin l ake bugawa a madadinta. Da aka bar fam da sule aka koma Naira a ranar 1 ga Janairun 1973, injunanmu alamar fam kawai suka sani, sai mu buga babban N, mu dawo baya taki ɗaya, mu ɗora masa alamar daidai. Idan ana son kwafi uku, a jera farar takarda da kabon, a riƙa dukan maɓalli da ƙarfi don na ƙasa ya fito, kuskure ɗaya kuma sai an bi shi sau uku da magogi. Takardar gayyata ko jarrabawar makaranta a kan sitensil ake yanka ta, a janye zaren tawada harafi ya huda takardar kakin, a gyara kure da wani jan ruwa mai warin gaske, sannan a ɗora a injin Gestetner a yi ta juya hannu. Takardar koke, takardar rantsuwa, yarjejeniyar sayen gona, wasiƙar neman aiki, duk sun bi ta gabana. Doka ma ta san da mu. Tun zamanin Turawa akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, shaidar cewa an karanta masa ya ji kafin ya dangwala yatsa.

Idan aikin na Hausa ne, to, bugawa rabin aiki ce. Bayan an zare takarda daga inji sai a ɗauki baƙin biro mai tsini, a bi layi-layi ana yi wa k da d da b ƙugiya da hannu. Wasu suna juya abin naɗe takarda rabin taki su buga aya a ƙarƙashin harafi. Masu hali kan kai injinsu wurin makanike ya cire alamar da ba a cika buƙata ba, kamar ta rabi ko kwata, ya like harafin Hausa da dalma. Kawu ba ya miƙa wa mutum takarda sai ya ƙirga ƙugiyoyinta, domin a cewarsa sunan mutum da sunan garinsu amana ne, kuma a gaban alƙali harafi ɗaya yana iya raba mutum da gonarsa.

A shekarun 1980 sana'ar ta sami sababbin abokan ciniki. Matasa maza da mata, musamman a Kano, suka fara rubuta littattafan soyayya a littafin makaranta mai layi, su kawo a buga musu. Irin wannan hanya ce ta fitar da adabin da su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi suna a cikinsa. Duk wanda ya riƙe tsofaffin bugun wancan lokaci zai ga da yawa babu ƙugiya ko ɗaya, wasu kuma an bi su da hannu, an gaji a tsakiya an bari. A shekarun nan ne Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta nemi maganin abin, aka tsara haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya bisa shawarar masaniyar harshe Kay Williamson, da hannun gwanin zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf. Aiki ne mai kyau, sai dai kafin ya iso rumfunanmu kwamfuta ta riga ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Kwamfuta ta rusa rumfuna da yawa, ta kuma buɗe shaguna. Daga tsakiyar shekarun 1990 bakin titin Samaru da Kongo ya cika da shagunan buga takardu, ɗaliban jami'a suna layi da kundin digirinsu. Waɗanda suka koyi aikin da yatsu goma ba su sha wuya ba, don jerin Sholes ne dai aka kwantar a kan roba, har da 'yan ƙusoshin da aka yi a kan F da J don yatsa ya gane mazauninsa ba tare da ido ba. Kabon da magogi da jan ruwa suka tafi. Haruffanmu kuma suka sake ɓacewa. Tsarin Unicode ya tanade su tun fitowarsa a 1991, amma manhajojin da muke da su a lokacin ba su san da zaman su ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ne ya share wa mutane da yawa hawaye da ya ƙirƙiro zubin haruffan Rabi'at da Abdalla, aka riƙa yawo da su a faifai daga shago zuwa shago. Matsalarsu ɗaya ce: idan ka kai aikin wata kwamfutar da ba a sa mata zubin ba, ƙugiyoyin sai su rikiɗe su zama wasu alamomi. Sai da aka daɗe kafin Windows ta zo da tsarin kibod na Hausa, kuma har yau ba kowane mai shago ya san yana ciki ba.

Wayar salula ta GSM ta zo a Agustan 2001. A kan Nokia mai maɓallai goma sha biyu, sai ka danna lamba 7 sau huɗu kafin ka sami s. Saƙon tes ɗaya harafi 160 ne, amma da a ce wayar ta yarda ka sa ƙ guda ɗaya, tsarin zai sauya, saƙon ya koma harafi 70, kuɗinka ya ninka. Yara suka nemo wa kansu mafita, suka ari q ta tsaya a gurbin ƙ, suka riƙa gutsure kalmomi. BlackBerry ta zo da cikakken jeri, amma na manyan yatsu biyu. Daga nan gilashi ya maye gurbin maɓallai gaba ɗaya. A duniya ma tafireta ta kai gargara: a Nuwamban 2012 kamfanin Brother ya ƙera ta ƙarshe a Birtaniya, aka kai ta gidan tarihi na kimiyya a Landan. Abin mamaki, a daidai wannan zamani ne Hausawa suka fi kowane lokaci yawan rubutu. 'Yan mata da matan aure suna rubuta littafi sukutum a waya, babi-babi, suna sakewa a WhatsApp da Wattpad, kuma kusan kowace za ka ji tana kukan ciwon yatsa da na wuya. Kibod ɗin gilashi irin Gboard ya kawo Hausa da ƙugiyoyinta, amma yatsa takwas sun zama 'yan kallo.

Masu ƙira sun daɗe suna neman yadda za a sa cikakken kibod a ƙaramin wuri. A 1995 IBM ta fitar da kwamfutar cinya ThinkPad 701C, wadda kibod ɗinta ke rabewa biyu ya baje idan an buɗe murfi. A 1999 wani kamfanin Amurka mai suna Think Outside ya fitar da Stowaway, kibod mai ninki huɗu da ake dasa ƙananan na'urorin Palm a kansa. Igiya da soket ne suka rage, Bluetooth ya kawar da su. Kamfanin Ericsson na Suwidin ne ya fara aikinsa a 1994, manyan kamfanoni suka haɗu a kansa a 1998. A 2010 iPhone ta fara karɓar kibod ta wannan hanya, wayoyin Android suka bi sahu, masana'antun Sin kuma suka karya farashinsa har ya iso teburin ɗan kasuwar Farm Centre.

Ni tsadar mai ce ta kai ni gare shi. Da aka janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, tayar da janareta don buga wasiƙa shafi ɗaya ya zama asara, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Ɗana ne ya kawo mini shi, ya ce, "Baba, gwada wannan, caji ɗaya zai kai ka kwanaki." Yanzu ina kwantar da wayar a gicciye a kan 'yar matokara, in buɗe WPS ko Word, in buga, in mayar da takardar PDF, in tura ta WhatsApp zuwa shagon da ke da wuta a fitar. Ctrl da C, Ctrl da V, duk suna aiki kamar a kwamfuta. Ranar kasuwar ƙauye ina sa shi a aljihu in tafi, abin da Olivetti ba ta taɓa ba ni ba duk da ana kiranta ta tafi-da-gidanka.

Yana da nasa halin. A cinya ba ya zama, sai an sami tebur ko faifan katako, in ba haka ba ya lanƙwashe a gaɓa. Maɓallansa ƙanana ne, kuma waɗanda ke bakin gaɓar akan rage musu faɗi ko a gusar da su, sai yatsa ya sake koyon hanya. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashinsu, don haka a ninke shi da zarar an gama. Idan an bar shi jim kaɗan yakan yi barci don tattalin batir, harafin farko da ka danna tashinsa kawai zai yi. Gilashin waya kuma ƙarami ne ga idon dattijo, sai an ƙara girman rubutu. Babban aibinsa shi ne wanda na sani tun a rumfar kawu: an buga masa Q da X da V, waɗanda Hausa ba ta amfani da su, an bar ƙ da ɗ da ɓ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa.

Sai dai yau maganin ya fi biro sauƙi. A saitin Android akwai inda ake cewa kibod ɗin gilashi ya ci gaba da bayyana ko da an haɗa na waje, sai ka miƙa yatsa ka taɓo harafin da kake so. Akwai manhajar Keyman, kyauta ce, tana da tsarin Hausa kuma tana aiki da kibod na waje. Dabarar da na fi yi a dogon aiki ita ce in bar q ta tsaya wa ƙ, x ta tsaya wa ɗ, v ta tsaya wa ɓ, in na gama in sa manhaja ta nemo su ta musanya gaba ɗaya, manya daban ƙanana daban, sannan in duba sunayen baƙi da kalmomin Turanci da musanyar ta taɓa. Aikin da yake cin mana rabin yini da biro, yanzu ko shayi bai huce ba an gama.

Shawarata ga matasan da ke rubutu a waya, musamman 'ya'yana mata masu littattafai, guda biyu ce. Ta farko, in kun sami hali ku sayi kibod ɗin nan, amma kada ku riƙa tsattsaga shi da yatsa biyu. Ku aza yatsunku a kan A, S, D, F da J, K, L, ku rufe hannu da ɗankwali, ku jure wa 'yan makonnin farko da gudunku zai ragu. Bayan su ba za ku sake kallon maɓalli ba har tsufa. Ta biyu, kada ku saki shafi sai kun mayar wa ƙ da ɗ da ɓ haƙƙinsu. Mutanen Zariya na shekarun 1930 sun sha muhawara kafin su tsayar da haruffan nan, masu tafireta sun bi su da biro shekara da shekaru, malaman jami'a sun zana su a kwamfuta da hannunsu. Masu ƙera kibod a Sin ba za su buga harafin da ba su ga ana nema ba, kuma ba za su gani ba sai mun riƙa rubuta shi. Dillalan Farm Centre da ke zuwa Guangzhou sayo kaya su ma suna da rawar takawa: kibod mai haruffan Larabci da na Rashanci duk oda ake bayarwa a buga, babu abin da zai hana a ba da odar na Hausa.